Makaronin da Na Gasa Maka da Azumi a Bakina

Zuwa ga Maharazu, hasken idona, inuwar gawo a tsakiyar rani, ruwan farko mai tayar da shuka, mai murmushin da ke mantar da ni sunana! Gaisuwa gare ka mai yawa kamar zangarniyar gero a kaka. Ina fata kana lafiya, kai da abokanka na fada, majalisarku ta shan shayi, sarakunan dariya.

Gwaggonka Habsatu ta isko mu nan Sae Sabuwa a kan kabu-kabu. Ta ce ka rame, ba ka ci ba ka sha, wai ka matsa a zo a sa ranar aurenmu. Wayyo masoyina! Yau kai ne abinci ya gagara? Zan ba ka amsa, amma sai ka karanta har ƙarshe.

Ka tuna yammacin nan a ƙofar gidanmu a Cadakori, da ka nuna mini hoto a salularka? Makaroni ne gasasshe, cuku ya narke a kansa yana dalala, irin wanda ka ci a Yamai lokacin da kake karatun zama mushen lakol, wato malamin makaranta. Ka lumshe ido ka ce duk macen da ta iya wannan ta gama da zuciyarka. Ni kuwa shashasha na ɗauka da gaske kake.

Da azumi ya kama na ce shi zan aika maka na shan ruwa. Ba mu da murhun gashi irin na 'yan birni, amma ina da kai a raina, me zai gagare ni? Na ba Shatu Bafulatana kazata mai ƙwai, ta ba ni cuku. Na dafa makaroni na tsane, na dama madara da man shanu da ɗan fulawa, na daka cukun a turmi na barbaɗa. Na zuba yashi a gindin tukunya, na dasa kwano a kai, na rufe, na jera garwashi bisa murfin. Rana na gasa ni, ƙishirwa ta ɗaure mini maƙogwaro, garwashi ya faɗo mini a bayan hannu, tabon na nan har yau. Wa zai gaya mini cukunmu na makiyaya ba ya narkewa, wuta tauri take ƙara masa? Kuma ta yaya zan ɗanɗana da azumi a bakina? Na ga ya yi ja, ya yi ƙamshi, na rufe na aika ina murna.

Ya kai tauraron asubahina, da ka buɗe a fada ka ji ya ƙi tauno, me ya hana ka rufe ka yi shiru? Ko kaji ka zuba wa, wallahi da ban ji ba. A'a, sai ka ɗaga salula kana ɗauka, kana ƙwanƙwasa shi da cokali, abokanka na birgima kan tabarma. Washegari kwanona ya dawo ba a wanke ba, ga guduma a ciki, wai tukwici! Innata ce ta buɗe shi, a gaban maƙwabta. Kafin Sallah babu salular da hoton nan bai shiga ba. A bakin rijiya Mai Tsakuwa ake kirana, har yaran da kake koyarwa. Shi ya sa na gudo gidan kawuna, ina fita da mayafi a baki kamar wadda ta yi abin kunya.

Albishirinka, zumar zuciyata, yanzu na iya! An sayo mini cukun kanti daga Maradi. Yana narkewa, yana jan zare, samansa ya yi ɓawo mai ƙaras-ƙaras, cikinsa laushi kamar auduga. Kawu har yatsa yake lasa. Kai kuwa harshenka ba zai taɓa shi ba, ko kana gargara.

Ga amsata: na ce wa Gwaggo na yarda. Kada ka yi murna tukuna. Ina son ka, wannan ciwona ne, ban sami maganinsa ba, kuma ba zan bari wata ta more ka ba, ba zan bari ka huta ba. Zan shigo ɗakinka. Za ka sami tuwo a kan lokaci, riga a wanke, ruwan wanka a surke. Zan durƙusa in gaishe ka, in karɓi abokanka da fara'a, in zuba musu shayi ɗaya bayan ɗaya ina duban idonsu. Amma yarinyar nan da ta tsaya kan wuta da azumi don kawai ta ga ka yi murmushi, ba ita za a kawo maka ba. Za ka neme ta a fuskata safe da yamma, ka yi lallashi, ka yi kuka, in tambaye ka ko gishiri ne bai ji ba.

Na yi maka alkawari, rabin raina, ba zan dubi wani namiji ba, ba zan yi yaji ba, ba zan nemi saki ba. Za ka nemi laifin da za ka rabu da ni ka rasa, har mu tsufa tare.

Taka har kabari, wadda ba za ta daina son ka ba, ba kuma za ta yafe maka ba,

Rufaida