Gammon Baba da Na Ɓoye

Assalamu alaikum Baba,

Bayan gaisuwa irin ta ɗa ga mahaifinsa, ina roƙon Allah ya sa kana cikin rahama. Ni ne ɗanka Sani, daga Greensboro ta ƙasar Amurka, garin da har ka bar duniya ba ka iya faɗin sunansa ba, sai dai ka ce "can wajen Sani". Na san mutane za su karanta wannan wasiƙa, kuma da gangan na bari su karanta, don a gaban mutane na yi maka laifin.

Ba ka taɓa gane aikina sosai ba. Ni ke riƙe da sashen nazarin ƙwadago a wata ƙaramar kwaleji ta jama'ar gari. Ɗalibaina manya ne, masu aikin sito, direbobi, masu shara, masu kula da tsofaffi. Daga wurin aiki suke tahowa, wasu ko rigar aikin ba su cire ba. Ina koya musu haƙƙin ma'aikaci, da tarihin ƙungiyoyin ƙwadago, da abin da mutum zai yi in ya ji rauni a bakin aiki.

Ni na ƙirƙiro wata al'ada da nake alfahari da ita. Ranar farko ta kowane zango, kowa ya zo da wani abu na sana'ar iyayensa, ya ajiye a kan tebur ya ba da labarinsa. An kawo almakashin tela, an kawo lauje, wata baƙar Amurka ta kawo safar hannun da kakarta ta yi aikin masaƙa da ita. Ni kuwa, wai Dakta guda, mudu nake ajiyewa in ce mahaifina ɗan kasuwar hatsi ne a Dawanau. Mudun ma na Inna ne.

Baba, kai ɗan dako ne. Buhun wasu ka ɗauka har tsakar kanka ta yi kanta, gashin wurin ya ƙi fitowa, wuyanka ya sandare. In za ka waiwaya sai ka juya jikinka duka.

A wata liyafa a unguwar masu kuɗi ta Irving Park na fara ƙaryar, a gidan wata attajira mai tallafa wa kwalejin. Ta tambaye ni sana'arka, ga kofi a hannuna, ga manya suna saurare. Kafin in yi tunani bakina ya ce ɗan kasuwa. Shi ke nan, ƙarya ta samu wurin zama, shekara takwas ina shayar da ita.

Ko da yake, in gaskiya zan faɗa, ta girmi liyafar. Ka tuna ranar da muka yi kiciɓis a bakin kasuwa, ina tare da abokaina na sakandare? Da ka hango mu sai ka zare gammon daga kanka, ka cusa shi cikin aljihu, ka ja hula. Ni kuma na gaishe ka a tsaye, kamar wani maƙwabci. Da muka haɗu a gida tambayata kawai ka yi ko na ci abinci. Don ni ka ɓoye shi, ni kuwa na ji daɗi. Wallahi na ji daɗi, Baba, kuma wannan ne ke ci na.

Bara wani dattijo ya shiga ajina, Malam Hamidu, mutumin Maraɗi. A wani sito yake aiki a hanyar Wendover, yana loda kwalaye a manyan motoci. Tun shigowarsa na lura da yadda yake zama, sai ya dafa gwiwa tukuna ya sauka a hankali. Na san wannan zaman. A gidanmu na san shi.

Wata rana bayan aji ya biyo ni ofis, ya ce bayansa ya amsa lokacin da yake ɗaga kaya, kwana huɗu ke nan. Na zaro fom, na ce ya sanar da manaja a rubuce, ya ga likita, ya daina ɗaukar nauyi. Duk abin da littafi ya ce na faɗa masa, ban rage ko ɗaya ba. Ya yi murmushi ya tura mini fom ɗin, ya ce, "Malam, ku 'yan lakwal masu ilimin boko, 'ya'yan masu shago, ba ku san tsoron a ce maka gobe kada ka zo ba."

Baba, a nan ya kamata in buɗe baki. In ce masa na san tsoron nan, na kwana da shi ɗaki ɗaya. In ba shi labarin yadda ka ƙi hutawa da wuyanka ya fara, kana cewa "in na kwanta wa zai ɗauka?", har ya kai ka ga shekara biyu a tabarma Inna na juya ka. Maganar ta zo mini har maƙogwaro. Sai na tuna da mudun da na ajiye a gabansa ranar farko, na haɗiye ta. Na ce masa to, ya dai yi tunani.

Ya ci gaba da aiki. Bayan 'yan makonni kujerarsa ta zama wayam. Wata ɗaliba ce ta faɗa mini an kwashe shi daga siton, an yi masa tiyata a gadon bayansa, kuma likita ya ce ɗaukar kaya ya ƙare masa.

Sai da na yi wata guda ina kewaye-kewaye kafin na iya zuwa duba shi. Ranar Asabar da ta wuce na buɗe tsohuwar jakar da ke ƙasan kabad ɗina a gidana na unguwar Glenwood, na ciro gammonka. Inna ce ta sa mini shi cikin kaya bayan sadakar arba'in ɗinka. Har yanzu yana nan a naɗe yadda ka bar shi, tsakiyarsa ta yi baƙi da gumi.

Na sami Malam Hamidu a kwance a falo, matarsa ta tokara shi da matasai. Na ajiye gammon a gefensa na faɗa masa komai, kaina a ƙasa. Ya ɗauka ya jujjuya shi, ya matsa shi da yatsa irin na wanda ya san abin. Bai zage ni ba, da ma ya zage ni ɗin. Cewa kawai ya yi, "Ashe ɗanmu ne kai. Da ka faɗa mini ranar nan, da na karɓi takardar."

Ban san ko da gaske da ya karɓa ba. Amma ni na hana shi damar, don kada a san wanda ya haife ni. Ina bin maganar haƙƙinsa yanzu, ofis zuwa ofis, sai dai babu ofishin da zai mayar masa da bayansa.

Jibi Litinin za a buɗe sabon zango. Gammon yana cikin jakar aikina, mudun kuma na mayar da shi kicin.

Ka yafe mini, Babana. Allah ya jiƙanka, ya sauke maka duk nauyin da ka ɗauka saboda mu, ya hutar da wuyan nan a Aljanna. Allah ya tashi kafaɗun Malam Hamidu, ya rufa wa iyalinsa asiri. Ni kuma ya yafe mini shirun da na yi.

Ɗanka,
Sani, ɗan Malam Garba ɗan dako.