Maganaɗisun Inna Bai Hau Jirgi Ba

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya kai da iyali. Allah ya ƙara maka lafiya, ya sauki Anti lafiya. Mu nan kowa ƙalau, in ban da wani ciwon kai da ba a sayar da maganinsa a kemis.

Kafin komai, ka taya ni jinjina wa ma'aikatan filin jirgi. Mutane ne masu ido, Allah ya ƙara musu basira. Shekaranjiya sun ceci jirgi guda da fasinjojinsa daga hannun wata tsohuwa mai hatsari, wato Innarmu. A waya na ce maka an samu 'yar matsala ne kawai, don tana zaune kusa da ni. Yanzu ga labarin.

Ka tuna maganaɗisun nan mai faɗin faranti da marigayi Baba ya ciro daga babbar lasifika a shagonsa? Tun da idon Inna ya yi rauni, igiya ta ɗaura masa, in ta gama ɗinki sai ta ja shi a ɗaki yana tsince allurai. Ta rantse ba za ta shiga gidanka, inda jariri zai yi rarrafe, babu shi ba. Na ce mata jaririn ko haihuwarsa ba a yi ba, ta ce ni ma ai ba da gemu na zo duniya ba. Ta naɗe shi a zani, ta cusa a jaka tare da almakashi da gwangwanin allurai, duk suka manne suka zama dunƙule guda.

Jakar na shiga na'urar bincike sai fuskoki suka canja. Da aka kwance zanin, makullan wani ma'aikaci da kansu suka yi tsalle suka manne. Wata ma'aikaciya ta kawo kamfas mai nuna alƙibla kusa, allurarsa ta rikice kamar an tsare ta da tambaya. Suka ce maganaɗisu mai ƙarfi yana iya rikita kamfas ɗin jirgi, dole a auna shi, a sa shi a akwati na musamman, a bi da shi ta ofishin kaya. Ofishin kuwa yana can wani gini, mai awon kuma ya fita cin abinci.

Yaya, ka san bakina a kasuwa. Na kira mutumin nan ranka ya daɗe, na kira shi oga, na yabi ɗinkin rigarsa, ko gezau. Ƙarshe na ce to a bar shi, ni zan koma da shi gida. Kowa ya yarda sai Inna. Ta zauna daram a kan jakarta, ta ce shekara da shekaru tana kwana ɗaki ɗaya da shi ba ta taɓa ɓata alƙibla ba, in jirginsu ya fi ta ruɗewa su je abinsu. Suka yi ta kiran sunanta har suka gaji, suka kuwa tafi abinsu.

Jiya na koma ofishin kayan. Sun yarda za su aika shi, amma ba a jirgi ɗaya da ita ba. Ita kuma ta ce ba za ta tashi ba sai ta ji ya isa hannunka, kuma ba zai fita gidan nan ya bar ta ba. Ga Anti watan haihuwarta ya tsaya, ba kowa kusa da ita. Na kai ƙara wurin Kawu, ya saurare ni tsaf, ya ce shi ma yana son aron maganaɗisun.

Ka gaishe min da Anti da jiki, ka shafa min kan ɗan farinka, Ƙaramin Baba. Goggo da Kawu suna gaisuwa. Inna ma tana gaishe ku, tana can ɗaki tana jan abinta.

Ni ne ƙaninka, Auta.

Af, tunda kai ne mai karatun gidan, wa zan fara turo maka, Inna ko maganaɗisun?