Wanda Zai Wanke Haladu

Juma'a, 4 ga Oktoba, 2024

Yussif, ɗan Zangon Kumasi da muke ɗaki ɗaya a unguwar Mansura, nan Doha, ya dafa wake da shinkafa bayan masallaci. Mun zauna mu uku, Haladu ya naɗe hannu kamar kullum, sai da na kai lomar farko. Yau Yussif ya kasa haƙuri. "Tsoho da furfura yana jiran yaro, kai kuma kana kiran sunanshi gatsau. Kai ne kafil nashi, ubangidan da ya kawo shi ƙasar nan?"

Sai na ba shi tarihi, har da gyara zama. Kakan kakana, Madugu Tanimu, fataucin goro ya yi zuwa Gwanja. Da ribar ya sayi bayi ya kafa rinji, suna noma masa dawa da auduga da baban rini. Turawa suka zo, bauta ta mutu, amma Rinjin Madugu yana nan. Har gobe mutanen Rinji ne ke haƙa mana kabari, su ke wanke mamatanmu, kuma wanzami yana yi wa jariransu tsaga uku a kafaɗa, alamar Madugu. Haladu ɗan Rinji ne. Shi ya wanke mahaifina.

Yussif ya ce, to wa ya kawo ka Doha? Haladu mana, shi ya samo mini gadin nan na Muntazah. Yussif ya kwashe da dariya, ni ban ga abin dariya ba. Haladu dai cewa ya yi a ci abinci kada ya huce.

Litinin, 14 ga Oktoba

Haladu ya faɗi a gareji a Sanaiya, yana shirin fita da tankar ruwa. Wai zuciya ce.

Laraba, 16 ga Oktoba

Asibiti. Yana ganina ya yunƙura zai tashi, ga robobi a hanci. Sai da na haɗa shi da Allah ya kwanta.

"Ɗan Madugu, in ta Allah ta kasance, a rufe ni a nan, kada a wahalar da yara. Abu ɗaya nake roƙo, kada hannun da bai san ni ba ya wanke ni."

Bai ce ni ba. Ba zai taɓa cewa ba. Na ce zai tashi in sha Allah, na ɓige da surutun ƙwallo kamar wawa.

Lahadi, 20 ga Oktoba

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Bayan la'asar.

Litinin, 21 ga Oktoba

Haulat, babbar 'yarsa, ta kira daga gida, murya duk ta dishe. "Yaya Garzali, Baba ba shi da kowa a can sai kai. Kai za ka yi masa wanka, ko?" Na ce to. Bakina ne ya faɗa, ban shawarce shi ba.

Kafin magariba magana ta kai kunnen Baffa Shamsu. Shi ne babba a gidanmu yanzu, shi ya riƙe ni bayan mahaifina, Inna ma a gidansa take zaune.

"Ka yi masa salla, ka yi masa addu'a, amma hannunka kada ya taɓa shi. Tun zamanin Madugu ba a taɓa yi ba. In ka yi yau, gobe in na mutu wa zai haƙa mini?"

Na ce, Baffa, ai Musulmi ne.

"Na ce maka kafiri ne? In ka yi, ka nemi wani Baffan."

Na san shi. Ba ya faɗa ya janye.

Talata, 22 ga Oktoba

Takardu ba su fito ba. Yana kwance a firji, mutumin da ko fanka ba ya so ta busa shi.

Ina tsaye a wurin gadi wani abu ya faɗo mini: ni ban ma iya wankan gawa ba. Na bi gidanmu kaf a raina, babu wanda ya iya. Ranar mahaifina ina waje a tabarma ina karɓar gaisuwa, Haladu yana ciki.

Yussif ya ce shi zai yi, ba sai na shiga ba, ai shi ma ya san tsohon. Na ji sanyi a raina. Daga baya na ji haushin kaina.

Alhamis, 24 ga Oktoba

Likkafani kawai na je kaiwa. Wallahi niyyata ke nan. A ƙofar ɗakin wanka mai kula da wurin ya tambaya ina ɗan'uwan mamacin. Yussif ya kalle ni. Na cire agogo.

Yussif yana faɗa ina bi. Fara da dama. Zuba a hankali. Riƙe kan da kyau. Ashe Haladu ba shi da nauyi. Kullum ina ganinsa ƙato.

Da na zo kafaɗa sai ga su, tsaga uku, sun tsufa tare da fatar. Labarinsu na sani, har ina ba wa mutane, amma ban taɓa sa ido a kansu ba. Yana jariri aka yi masa, bai yi wa kowa komai ba. Na sa sabulu. Na ƙara. Ban san na daɗe a wurin ba sai da Yussif ya riƙe mini hannu.

"Khalas, ya isa, Garzali. Sabulu ba ya fid da wannan."

Na yi kukan da ban yi wa mahaifina ba. Ni na shiga ramin na karɓe shi.

Asabar, 26 ga Oktoba

Baffa ba ya ɗaukar waya.

Juma'a, 1 ga Nuwamba

Inna ta kira da wayar maƙwabta, tana magana ƙasa-ƙasa. Ba ta ambaci Baffa ba. Tambaya ɗaya ta yi, wai ruwan da ɗumi? Na ce da ɗumi. Ta ce madalla, ta kashe.

Yussif ya sake dafa wake da shinkafa, ya yi yawa, ya manta mu biyu ne. Ya ajiye tiren, muka zauna. Can ya ce, "Yalla, me kake jira?" Na duba, ashe na naɗe hannu. Ba komai, gajiya ce kawai.

Na ce masa ya fara, shi ne babba. Mu ci da sauri, Baba Haladu ba ya son abinci ya huce.