Gyadar Baba a Saman Soro

Unguwar Mansur, Makka,
4 ga Nuwamba.

Zuwa ga Yayana Ɗanjuma,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da mutanen Ɗambatta baki ɗaya. Ya ciwon bayan naka? Mu nan zafi ya sauka, har ana iya zama a waje da la'asar.

Yaya, labari mara daɗi nake rubuto maka. Jar gyadar Baba ta salwanta.

Ka san tun da ambaliya ta ci rumbunka, irin nan bai rage a ko'ina ba sai wanda nake shukawa a bokitan fenti a saman soronmu, ina ba shi ruwan da ke ɗiga daga na'urar sanyaya ɗaki. Na yi maka alkawarin bana zan aiko da shi ta hannun Malam Nu'uman idan ya gama Umra. Bokiti goma sha biyu na shuka, kuma ba ta taɓa yin kyau irin na bana ba. Ganye ya fara bushewa, saura kwana kaɗan in tuge, sai 'yata Ikhlas ta haihu. Na tafi unguwar Shisha yi mata wankan jego, na bar wa Tahani, matar ɗana Hamad, amanar ban ruwa.

Shekaranjiya na dawo, ko mayafi ban cire ba na hau sama. Na tarar da bokitaina a jere reras, kowanne da ɗanyen na'ana'a a ciki. Gyada ko tushe ɗaya ban gani ba. Sai da na zauna daɓas a ƙasa.

Tahani tana murmushi ta yi min bayani da Larabci, wai fure ya zube bai bar 'ya'ya ba, ganye kuma ya bushe, shi ne aka zubar da matattun aka sayo min masu rai don kada raina ya ɓaci. Haifaffiyar Makka ce, a leda kawai ta san gyada, soyayya da gishirinta. Na sauka da gudu, ni da wannan gwiwar tawa, na leƙa kwandon shara, ashe motar baladiyya, hukumar gari, ta riga ta kwashe.

Ban zage ta ba, amma ban sake yi mata magana ba. Ka yafe min, Yaya. Shekara talatin ba ni da takardar izinin da zan zo in gan ka, abu ɗaya da zan iya aiko maka kuma na kasa tsarewa.

Ka gaishe da kowa da kowa.

Ƙanwarka,
Ummulkhairi.

Unguwar Mansur, Makka,
9 ga Nuwamba.

Yaya Ɗanjuma,

Bayan sallama da tambayar lafiyarku, ina fatan wannan za ta riga waccan isa hannunka.

Jiya haushi ya kai ni sama in cire na'ana'ar nan in huta da ganinta. Ina tura hannu cikin ƙasa sai yatsana ya taɓa wani kututture. Na tona, sai ga gyada. Ashe ba tugewa aka yi ba, da almakashi aka bi ta aka yanke daidai ƙasa, aka dasa a kai. Na juye bokitan nan ɗaya bayan ɗaya ina kuka. Ruwan da aka yi ta zubawa ya ruɓar da mafi yawa, wasu sun tsira. Abin da na tsinta mai kyau bai cika kwanon sha ba.

Na kira Tahani ta gani. Ta daɗe tana juya kwanso ɗaya a tafin hannunta, sannan ta zauna muka ɓare tare, tana fasawa da haƙori ina hana ta. A nan ta faɗa min, kanta a sunkuye, cewa ita tsoro kawai ta ji ta kira mijinta. Hamad ne ya dudduba rassan, ya ce babu ko ƙwaya, ya ɗauko almakashi.

Yaya, wannan ya fi na farko gigita ni. Jikan Baba, Baban da gyada ta cinye masa farata, yana neman gyada a reshe. Na kwana shida ina fushi da 'yar mutane, alhali ni na haifi yaron nan, na yi shekara da shekaru ina hawa sama ni kaɗai, ban taɓa cewa ya zo ya ga abin da nake yi ba.

Don haka ka yi haƙuri, rabi kawai Malam Nu'uman zai kawo maka, a ƙulle cikin farin ƙyalle. Ka shuka a tudu. Ɗaya rabin na damƙa shi a hannun Hamad, na ce baɗi shi zai shuka, shi zai tuge, ni kujera zan ɗauka in zauna.

Allah ya sada mu da alheri.

Taka har kullum,
Ummulkhairi.