Hannun Rannu

Litinin, 15 ga Yuli

Ƙarfe biyu da minti goma na rana. Ina ɗakin da na kama a gidan Ibu Hamsina, malamar aji ɗaya. Yau na fara aiki. 'Yan aji biyu nake koyarwa, yara ashirin da shida: mata sha huɗu, maza sha biyu. Benci goma sha ɗaya, ɗaya ya karye.

Garin nan ƙarnin ciyawar teku yake yi. An shanya ta ko'ina, har gindin katangar makaranta. Ni ma 'yar bakin teku ce, amma a birninmu Makassar ba a shanya wa mutum teku a ƙofar aji.

Da safe aka yi salim, gaisuwar malami, kowane yaro ya kama hannuna ya kai goshinsa. Shekara goma sha biyu ina yi wa malamaina, ban taɓa tunanin yadda mai hannun yake ji ba. Wasu ma ba goshi suke kaiwa ba, hanci. Bakwai da majina. Na ƙirga.

Laraba, 17 ga Yuli

Akwai wata yarinya, Rannu, benci na uku. Yatsunta sun tsattsage, fatar tana saɓulewa fari-fari, wani wajen yana ruwa. Da hannu biyu take kama nawa, kuma sai ta daɗe. Ban iya cin kifin rana ba.

Rubutunta ya fi na kowa muni, layi biyu cikin minti arba'in. Na ba ta huɗu bisa goma. Amma a karatu ita kaɗai ta haɗa baƙaƙe ta fitar da kalma ba tare da na taya ta ba.

Juma'a, 19 ga Yuli

Na sayi 'yar kwalbar maganin goge hannu.

Litinin, 22 ga Yuli

Zan rubuta yadda aka yi daidai. Ƙarfe bakwai da minti biyar, Rannu ce ta tara a layi. Ta yi salim, na ji danshi a bayan hannuna. Niyyata in jira layi ya ƙare. Ban jira ba. Na zaro kwalbar na goge, sannan na miƙa wa na goma hannu.

Ban goge bayan takwas na farko ba. Abin da yara suka gani ke nan.

Wani daga baya ya ce, “Rannu ta ɓata Malama.” Aka yi dariya. Na ce a yi shiru, aka yi.

Ni ban ga laifin tsabta ba. A kwaleji an koya mana.

Alhamis, 25 ga Yuli

Kwana uku Rannu ba ta zo ba. Sunana yanzu Malama Kwalba, na ji shi ta taga.

Asabar, 27 ga Yuli

Ibu Hamsina ta tsare ni muna tsintar shinkafa. Ban san ta sani ba. Ashe har mai gadi ya sani.

“Sukma, 'yata, kin ɗauka layin salim ɗin nan don girmanki ake yi? Wane girma, ke da ko allo ba ki iya gogewa sai kin yi tsalle.”

Wai ita da layin take duba ajinta. Goshi mai zafi, zazzaɓi. Tafi mai sanyi, bai karya ba. Wanda ya ƙi ɗago ido, an yi faɗa a gidansu. Kafin ta taɓa alli ta san wa za ta tambaya, wa za ta ƙyale ya kwanta a benci.

Na ce, “Ibu, idan cutar ana ɗauka fa?”

Ta miƙo min hannunta. “Shekara ashirin da tara. Ƙirga, akwai yatsan da ya faɗi?”

Sai ta daina wasa. Ta ce yanzu lokacin ɗaura irin ciyawar teku a igiya ne, kowane gida hannu yake nema. Yayar Rannu mako biyu ta yi a gida a irin wannan lokaci, shi ke nan, ba ta sake dawowa ba. “Idan igiya ta saba da yarinya, ba ta sakinta.”

Ranar Litinin mai zuwa mako ɗaya ke nan rabon Rannu da makaranta.

Talata, 30 ga Yuli

Na je gidan su Rannu bayan an tashi. Gidansu a kan dogayen turaku yake, ƙarƙashinsa mata biyar ne a zaune, da tulin ciyawa jiƙaƙƙiya, da ƙudaje. Kaji suna kashi a inda ake zama. Rannu tana ganina ta sa hannuwanta cikin tulin.

Kakarta, Daeng Kebo, ko ɗagowa ba ta yi ba. “Ah, Malama ce? Ku kawo mata kujera. Ku wanke tukuna, da sabulu.”

Matan suka kwashe da dariya. Na ce na zo ne a kan makaranta.

“Mu nan ba a magana hannu na hutawa. Zauna.”

Na zauna a ƙasa da siket ɗin aiki. Ana yanko ciyawar ɗan guntu, a cusa a zargen zaren da ke jikin igiya, a ja zaren ya matse. Santsi gare ta kamar majina, ruwan gishirin yana cizo. Zaren yana yanka daidai gaɓar da ake ɗora fensir. Sai da na ja sau wajen talatin na lura da haka. Na tuna huɗu bisa goman da na ba rubutun Rannu.

Awa ɗaya da minti ashirin, rabin igiya. Rannu ta gama biyu.

“An je babbar makaranta,” in ji Daeng Kebo, “an dawo ba a iya ƙulli ba.”

Na ce, “Daeng, jikarki ce kaɗai ta fara karatu a ajin.”

“Ni ban hana ta ba. Ita ta ce ba ta komawa. Tambaye ta.”

Ban tambaye ta ba. Duk maganar da na shirya a takarda ta gudu. Na ce wa Rannu kawai, “Abin da na yi ba daidai ba ne.” Ta ci gaba da ƙulli.

Laraba, 31 ga Yuli

Ƙaiƙayi tsakanin yatsu. Ƙuraje ƙanana, shida. Na yi kuka kaɗan, don haushi.

Alhamis, 1 ga Agusta

Na koma, tunda na bar rabin igiya, kuma ba na son barin aiki rabi. Na tafi da katunan baƙaƙe a leda don kada su jiƙe. Na jera su a kan buhu kamar ba da kowa nake ba. Rannu ta karanta huɗu a hankali, ba ta dube ni ba.

Ma'aikaciyar asibitin garin ta ce mai yiwuwa gishiri ne da gogayya, ta ba ni man shafawa. Na bar shi wurin Daeng Kebo. Ta shinshina ta ce, “Wannan ma na goge mu ne?” Amma ta soke shi a zani.

Asabar, 3 ga Agusta

Na yanka tsohon silifa na naɗe fensir biyar da shi, su yi kauri da laushi. Biyar, saboda da na duba hannuwa a layi yau, ba Rannu kaɗai ba ce. Mako uku ina kallon hanci.

Litinin, 5 ga Agusta

Rannu ta zo, bakwai da kwata, bayan an fara layi. Ta tsaya ƙarshe, hannuwa a baya. Na miƙa nawa. Yara duk sun juyo. Ta dubi ƙurajena, ta daɗe tana dubawa. Daƙiƙa goma sha ɗaya, a ƙirgena. Sai ta kama da hannu ɗaya, ta kai goshi, ta saki da sauri. Akwai danshi. Na shiga aji na ɗauki alli.

Layi huɗu ta rubuta da fensirin silifa. Har yanzu rubutun ba kyau.

Ban ce na daina ƙyama ba. Majina majina ce. Na dai tura Sapri, na benci na farko, gida ƙarfe takwas, goshinsa kamar murfin tukunya, kuma ban san lokacin da na fara lura da irin wannan ba.

Abin da ban sani ba:

Ko gishirin ne da gaske, ko ana ɗauka.

Ko Daeng Kebo tana shafa mata man.

Ko za ta zo ranar Alhamis, da za a kawo sabon iri.

Sunan yayarta. Ba wanda na tambaya.

Ko wata rana za ta sake kamawa da hannu biyu.