Hanyar Silet

Tamanrasat, daren Laraba, Maris 1967

Ƙafafuna ciwo suke, amma raina fari. Yini guda ina yi wa injiniyan buro, wato ofishin gwamnati, tafinta, ɗan faransancin da na koya a ajin lekkol ya yi rana. Aiki biyu aka ba shi ya auna, gyaran hanyar Silet ko rumfunan kasuwa. A kowanne zai duba abin da zai ci da abin da zai haifar, wanda ya rinjaya shi za a yi.

Ya tambayi Alhaji Mamman mai kamyo, babbar motar kaya, yadda hanyar ke cin taya. Alhaji ya ce, "Mushe injiniya, tambayi bayana, ya fi taya shan wuya." Masu garka kuma, manoman lambun Silet, suka faɗi yadda tumatir ke ruɓewa kafin ya iso gari. Nan na ga inda sikeli ya karkata. Hanya ce.

Ai ni da muguwar hanyar nan abokan ciniki ne. Saboda ita suke shanya tumatir su sayar mini da arha. In ta gyaru ɗanye za su kawo, mai kamyo ya ci riba, ni in tashi a tutar babu. Asarata ba ta cikin awon injiniya.

Da la'asar na bi Alhaji gida. "Alhaji, kamyon nan ba ya son abokin tarayya?"

Ya yi dariya. "Kai, Badamagare, me ka jiyo?"

Na ce shayi kawai na zo sha. Kafin a sauke buta, rabin kamyo ya zama nawa.

Injiniya sai wata mai zuwa zai gama awonsa. Ni na gama nawa.