Sunan da Ya Maƙale Mini a Gaban Majigi

Assalamu alaikum Inna,

Bayan gaisuwa da girmamawa irin ta 'ya ga mahaifiyarta, ina fatan Allah Ya sa kina cikin ni'ima a makwancinki. Na san masu bibiyata a waya ne za su karanta wannan wasiƙa, amma da ke nake magana, su 'yan leƙe ne kawai.

Ranar da al'amurana suka canza wata Asabar ce, bayan an cire gyaɗa, shekara biyu da rasuwarki. Ina zaune a tabarma, ga kwaryar gyaɗar da ya kamata in ɓare a gefe, ga littafin soyayya a cinyata, jarumar tana shirin hawa jirgi. Sai saƙo ya shigo wayata, an ba ni gurbin digiri na biyu a fannin aikin gona. Na rangaɗa guɗar da ta sa uwar mijina ta fito da gudu ba takalmi, tana tambayar wa ya haihu.

Kin san halina. Na riga na gama tsara yadda abin zai kasance: doguwar mota, jakar hannu mai tsada, iska tana kaɗa mayafina a bakin ɗakin karatu. Abin da ya tabbata shi ne babur zuwa Makoda, sannan bas ɗin da ake zaunar da ni tsakanin buhun gero da wata tsohuwa mai kaji. Ranar farko na isa aji da gashin kaza a kafaɗa. Na tuna lokacin da nake karanta miki littattafan nan kina ɓarar gyaɗa, in na kai inda jaruma ta yi kwana uku tana kuka a kan gado sai ki ce, "To ita wannan yaushe take ɗora tukunya?"

Amma Inna, makarantar ta yi mini rana. Duk Laraba ana yi wa ɗaliban manyan digiri bita. An koya mana rubuta takardar bayanin kai ta neman aiki, da yadda ake neman tallafin bincike, da yadda mutum zai tsaya gaban jama'a ya yi jawabi. An kuma haɗa kowa da malami mai ba shi shawara. Ni aka ba ni Dakta Rabi, 'yar gajeriya mai gilashi, wadda jan bironta ba ya hutawa. Bincikena a kan yadda matan ƙauyukanmu suke adana irin gyaɗa ne, irin yadda kike yi da toka da tulu. Babin farko da na kai mata ya fara da yadda rana ta fito da murmushi a kan wata santaleliyar gyaɗa. Ta ja layi tun daga sama har ƙasa, ta rubuta a gefe, "Gyaɗa ba ta da dara-daran idanu. Ki gaya mini kwana nawa take yi kafin ƙwari su shige ta."

Na gyara, na kuma iya. Sai aka sanar cewa sashenmu zai tura ɗalibai biyu wani taron masana a Ibadan, su gabatar da bincikensu, makaranta ta ɗauki nauyi. Za a zaɓa ne bayan kowa ya yi gwaji sau biyu a gaban malamai. Ni da ban taɓa wuce Zariya ba, tun a ranar na ware atamfar da zan sa.

Ga inda gizo ke saƙar tawa, Inna. Babban masanin da ya fi kowa rubutu a kan adana gyaɗa, wanda dole in ambata kusan a kowane shafi, sunansa ɗaya da surukina. Rubutawa a kundi bai dame ni ba, nakan kau da kai in buga. Ban taɓa kawo wa raina cewa wata rana sai na faɗa da baki ba.

Ranar gwajin farko na tsaya gaban majigi, ina zuba Turanci tiryan-tiryan, har na hango Dakta Rabi tana gyaɗa kai. Sai ga sunan ya fito ɓaro-ɓaro a jikin bango. Harshena ya ƙi. Na yi tari, na gyara mayafi, ban san lokacin da na sauko daga Turanci na ce, "kamar yadda mai sunan Baba ya faɗa" ba. Wani tsohon farfesa ya cire gilashi ya ce, "Baban wa?" Ɗakin ya kwashe da dariya. Ngozi, ƙawata da ba ta jin Hausa sosai, har ta rubuta "Mai Sunan Baba" a littafinta don ta je ta nemo rubuce-rubucen mutumin. A shafi na gaba na nuna bango da sanda na ce wannan bawan Allah. A na ukun na ce shi dai wancan ɗin.

Dakta Rabi ta kira ni ofis. Ta ce ita ma 'yar ƙauye ce, shekararta ashirin da aure ba ta kiran sunan mijinta. "Amma a Ibadan babu wanda ya san surukinki," in ji ta, "kuma mai sunan Baban naki shi zai shugabanci zaman. Ranar Laraba ko ki faɗa, ko in ba wani gurbin."

A bita an ce mana mu riƙa gwaji a gida da murya a sama. Sai na zaɓi bayan rumbu da hantsi, na tabbatar maigidan namu, wato mijina, ya tafi fadamarsa a Watari, uwar miji ta tafi barka. Na tara kaji da ɗan tsaba, na tsaya a gabansu kamar a ɗakin taro. Na rufe ido, na ja numfashi, na kira sunan da ƙarfi.

Daga bayan danga aka ce, "Na'am?"

Inna, ashe Baba yana nan yana gyaran darni. Ban san yadda na isa ɗaki ba, takalmina ɗaya sai da yamma aka tsinto mini shi. Kwana biyu ban yarda mun haɗa hanya ba, ko tuwonsa sai dai in ajiye a bakin zaure in gudu. Da maigidan namu ya dawo ya ji labari, sai da ya zauna a ƙasa don dariya, sannan ya je ya yi wa mahaifinsa bayani. Ya dawo mini da saƙo. Wai in ji Baba, in kira sunan yadda nake so, ai ba shi kaɗai aka raɗa wa ba. Wai kuma in na ga takwaran nasa in gaya masa toka ta fi duk wani maganin kanti.

To Baba ya sake ni, maigida ya sake ni, Dakta tana jira. Da na zauna na duba, sai na ga ke kaɗai ce ban nemi izininki ba.

Ina tuna ranar da muka je asibiti ina 'yar shekara bakwai, mai yankar kati ya tambaye ki sunan mijinki. Kika sunkuyar da kai, kika taɓa kafaɗata, ni na faɗa. Ina tuna daren da za a kai ni ɗaki, kika ce mini, "Duk abin da za ki manta, kada ki manta kunya." Ban manta ba, Inna. Har gobe in na hango Baba zan durƙusa in gaishe shi kaina a ƙasa. Amma abin da zan je in faɗa a wurin nan naki ne: yawan tokar da kike zubawa, da yadda kike liƙe bakin tulu da laka, da dalilin da irinki bai taɓa ƙin fitowa ba. In na yi shiru saboda suna ɗaya, wani ne zai tafi, kuma ba zai ba su labarin tulunki ba.

Allah Ya jiƙan ki, Ya haskaka kabarinki, Ya yafe miki kurakuranki, Ya saka miki da Aljannar Firdausi a kan wahalar da kika sha da mu. Ki yafe mini in na saɓa wa tarbiyyarki.

Ranar Laraba zan tsaya gaban majigi in faɗi sunan, da idona a buɗe.

'Yarki ta fari, wadda ba ki taɓa kiran sunanta ba,
Saratu